Wutar Da Muka Bar Wa Bairbre Ajiya

SHAFI NA 11

Ranar wata Talata matata Treasa ta mutu, tana feraye dankali. Na shigo gida da magana a bakina, na tarar da ita a ƙasa, wuƙar na hannunta, tukunya na tafasa abinta. Daga ranar ban sake zama mutum mai daɗin sha'ani ba, kuma ban yi ƙoƙari ba.

Wannan don sababbin shigowa na faɗa. Ku tsofaffin masu bibiya, masu cika mini waya da "Malam, a ci gaba," kun san inda muka tsaya. Shekara biyu bayan rasuwarta na shiga jirgin 'yan yawon buɗe ido zuwa Inis Rón, tsibirin da aka haife ta, inda na yi shekara ashirin ina koyar da yara kafin yaran su ƙare, a rufe makarantar, mu koma Dublin. Na sa rigar ruwa mai ruwan ɗorawa irin ta baƙi, na rataya kyamara, na ja hula har gira. Niyyata in ga wurin sau ɗaya, in bi jirgin yamma in koma, ba wanda ya san na zo.

A gaɓa aka zuba mu cikin wata ƙaramar bas. Direban wani ƙato ne mai sanƙo, yana tuƙi yana yi wa baƙi bayani da Turanci.

"Ta damanku za ku ga dutse. Ta hagunku ma dutse ne, amma ya fi wancan tsufa."

Suka yi dariya, suka ɗauki hoton duka biyun.

Wata Ba'amurkiya da ke kusa da ni ta taɓa hannuna. "Zuwanka na farko ke nan?"

"Da kyamara, e."

Sai direban ya ɗago ido ya kalle ni ta madubi, ya juya harshe zuwa namu na tsibiri.

"Malam Mártan, cire hular nan. Ba ta rufe kunnuwan ba."

Na yi kamar ban ji ba.

"Kunnuwan da suke jiyo raɗata daga bencin baya, ai ko a lahira na gan su zan miƙe tsaye. Ni ne Cóilín, ɗan Seán mai gishiri."

"Cóilín yana da gashi," na ce.

"Ya tafi tare da abin da ka koya mini. Bairbre ta san ka zo?"

"Ba wanda ya sani."

"Haba Malam. Tun kuna tsakiyar teku matar da ke yankan tikiti ta bugo waya. Yanzu haka ko tumaki sun sani."

Bai tambaye ni ba, ya taka birki a ƙofar gidanta. Ya ce wa baƙin, da Turanci, wannan dattijon zai sauka ya duba wani kayan tarihi da ba ya cikin tsarin yau. Ba'amurkiyar ta ce ita ma za ta so gani. Ya ce wannan yana cizo.

Ni kuma ya ce mini ƙasa-ƙasa: "Zan biyo ta nan in na gama zagaye. Kyaftin ya ce iska za ta juya. In jirgin nan ya tashi yau, dawowarsa sai Allah."

Bairbre yayar Treasa ce. Rabona da ita tun ranar da muka bar tsibirin. Ba ta zo jana'izar ƙanwarta ba, kuma na yi shekara biyu ina wasa maganar da zan yanke ta da ita.

Na tura ƙofa. Ƙamshin hayaƙin móin ya dake ni, baƙar ƙasar nan da muke yankowa mu busar mu hura wuta, har sai da na dafa bango. Tun da na sauka ban ga hayaƙi a saman gidan kowa ba sai nata.

"Allah ya albarkaci mutanen gidan nan."

"Mutum ɗaya ce, sai kyanwa. Rufe ƙofa, ba iska na gayyata ba."

Tana zaune gefen murhu, ta ƙanƙance, sanda a jingine da gwiwarta. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Wa ya mutu ya bar maka wannan rigar? Ka fito kamar gwaiduwar ƙwai."

"Ke ma kin yi kyau, Yaya."

"Zauna. Akwai shayi, akwai burodi. Man shanu na gabanka, ba zan shafa maka ba, ba matarka ba ce ni."

Na zauna. Na lura da wani bokiti cike da ruwa a gefen murhun, da wani abu a lulluɓe da tsumma kusa da shi. Ban kawo komai a raina ba.

"Ba ki zo kin binne ta ba," na ce.

"Ko gaisuwar kirki ba ka gama ba."

"Ƙanwarki guda. Na tsaya a bakin kabari da mutanen ofis da wani limamin coci da ya kasa faɗin sunanta daidai. Daga tsibirin nan sai fure aka aiko."

"Ita ma ba ta zo ta binne mijina ba."

"Na sani. Kun yi faɗa."

Ta ajiye kofinta. "Mun yi me?"

"Faɗa. Ba sai an gaya mini ba, ina da kunne."

"Wannan kam kowa ya shaida."

"Duk Lahadi, bayan coci, takan buga miki waya. Kalma biyu, ta ajiye. 'Tana nan?' Shi ke nan. 'Yan'uwan da ke shiri ba haka suke waya ba."

"Kai a tunaninka wa take tambaya?"

"Saniyarki. Jar nan."

Bairbre ta yi wata dariya da ba daɗi a cikinta, har tari ya sarƙe ta.

"Wace saniya ce za ta yi shekara ashirin da wani abu tana jiran gaisuwa daga Dublin? Tun yaushe aka cinye ta." Ta ɗaga sanda ta nuna murhu. "Ga wadda take tambaya."

Na kalli wutar. Wuta ce kamar kowace wuta.

A Inis Rón, in mutanen gida za su yi ƙaura suna da niyyar dawowa, ba sa kashe murhunsu. Uwar gida takan ɗebi garwashi ta kai gidan wanda ta amince da shi, a haɗa da nasa. Muddin wutar mai ajiya ba ta mutu ba, taka na raye, gidanka na jiranka. Haka Treasa ta yi ranar da muka tafi. Ta zuba garwashinmu a ƙaramar tukunyar ƙarfe, ni na riƙe murfin don iska, muka kawo nan.

"Wannan wutar ta mutu tun shekararmu ta biyu a birni," na ce. "Guguwa ta zubo ruwa ta bututun hayaƙi. Treasa ce ta gaya mini da bakinta."

"Ƙarya ta yi maka."

"Treasa ba ta ƙarya."

"Sau ɗaya ta yi, ta yi mai kyau. Ko kwana ɗaya wutar nan ba ta taɓa mutuwa ba. Kullum kafin in kwanta in rufe ta da toka, da safe in tone ta. Ka ce ban zo jana'iza ba. Da na zo, wa zai zauna da ita? Matan yanzu maɓalli suka iya dannawa. Ko ƙuguna da likita ya ce a haye teku a yi mini aiki, cewa na yi ya jira."

Na ture kofin shayin gefe.

"Don me za ta ce mini ta mutu?"

"Don kullum sai ka tambaye ta. 'Wutar fa? Wutar fa?' kamar mai ƙaya a ƙafa. Ta ce ka samu aikin da kake mafarki a babban ɗakin karatu, kana dawowa da ƙurar littafi a riga kana murmushi, amma wutar nan ta hana ka sakewa, kana ganin ka raba ta da gida. Ta ce, 'Bairbre, ba zan ɗaure mutum da garwashi ba. Zan ce masa ta mutu. Ke dai ki riƙe mini, ko wata rana.'"

"Murmushi," na ce.

"Haka ta ce."

"Na tsani garin nan tun makon farko. Na tsani motocinsa, na tsani maƙwabtan da ba su san sunana ba. Littattafan ma, a nan sun fi daɗin karantawa, da ruwa na dukan taga. Murmushin don ita nake yi. Na ga ta daina zancen tsibiri, ta sayi labule masu fure, na ce to, ta samu wurin zama."

"Ka gaya mata?"

Na jawo burodi na hau shafa masa man shanu.

"Na ce ka gaya mata?"

"Ciki ba don dankali kaɗai aka yi shi ba."

"Kai da ita an haɗu. Kowa ya ɗinke bakinsa don ɗan'uwansa ya ji daɗi, kuka zauna kuna shan shayi a gidan da ba mai so. Ni kuma ina nan ina shaƙar hayaƙinku."

"Sau nawa na ce mu zo hutu! Ko na kwana biyu! Sai ta ce teku na sa ta amai."

"Amai? 'Yar babanmu Peadar? Yarinyar da a cikin kwale-kwale aka yaye ta? Kuma ka yarda?"

"Na ɗauka tsufa ne."

"Ka manta sauran dokar ke nan, Malam."

Ban manta ba. A daidai lokacin ta dawo mini, kamar an watsa mini ruwan teku a baya. Wanda ya ba da wuta ajiya ba ya taka tsibirin a matsayin baƙo. In ya taka, ya juya bai ɗauki wutarsa ba, ajiya ta warware. Mai riƙo sai ya zuba mata ruwa, ya hura sabuwa tasa ta kansa.

Shi ya sa Treasa ba ta zo ba. Ko bikin 'ya'yan yayarta, ko binne mijin yayarta. Ta hana kanta ganin tsibirin don kada ta rasa shi.

Ni kuwa ga ni zaune a kai, da kyamara a wuya, da tikitin komawa a aljihu.

Na sake duban bokitin.

"Wannan ruwan na mene ne, Bairbre?"

"Ka san na mene ne. Da aka ce mini kana cikin jirgi na cika shi."

"Ban san wutar tana raye ba! Da na sani da ban zo haka ba!"

"Wuta ba ta san ba ka sani ba."

"Wannan ai camfi ne. Garwashi garwashi ne."

"To tashi ka bi jirginka, in camfi ne. Me ya sa muryarka ke rawa?"

Daga can gaɓa jirgi ya busa ƙaho na farko.

"Da Treasa ta rasu me ya hana ki kashe wutar?"

"Ba tata ce ita kaɗai ba. Kai ka riƙe murfin."

"Me ya hana ki bugo mini waya?"

"Ta sa na rantse ba zan kira ka ba. Ban rantse zan yi shiru in ka shigo da ƙafarka ba." Ta gyara zama, ta runtse ido don zafin ƙugun. "Ka ji, Mártan. Na gaji. Jikokina sun sayo mini murhun mai, yana bayan gida cikin kwalinsa, har kyanwa ta haihu a kai. Ina son in je a gyara mini ƙashin nan. Ina son in kwana sau ɗaya ban farka ina tunanin toka ba. Na riƙe wa ƙanwata amana tana raye, na riƙe tana kabari. Yau kam ɗayan biyu ne."

"Na haura saba'in. Magungunana suna Dublin. Ko rigar canji ban zo da ita ba."

"Na lura. Za mu sha kallo."

"Gidan ma ai ya rushe."

"Rufinsa lafiya lau, Cóilín ke hawa duk kaka. Akwai móin a ɗakin baya. Gadonku na nan. Littattafan da ka bari ma suna nan, ɓeraye sun fara ɗaya suka ga ba daɗi."

"In na kai ta can, sai in zauna da ita."

"Wuta ba hoto ba ce da za ka ɗauka ka sa a aljihu. Wanda ya shigar da ita, shi ke rufe ta da dare ya tone ta da safe."

"Ni kaɗai. A gidan da ko'ina ita ce."

"A Dublin ɗin da wa kake?"

Na karanta abin da mutanen kirki da yawa suka rubuta a kan kaɗaici, ba ɗayansu da ya taɓa zama gaban Bairbre.

Aka yi birki a waje. Cóilín ya leƙo, Ba'amurkiyar na bayansa tana ɗaga ƙafa.

"Malam, lokaci."

Matar ta hango murhun ta dafe ƙirji. "Wayyo, wuta ta gaske! Kamar a zamanin da! Zan iya ɗaukar hoto?"

"Ɗauki, 'yata," Bairbre ta ce da Turanci mai zaƙi. Sannan da harshenmu: "Ɗauki da sauri, ƙila ke ce ta ƙarshe."

"Me ta ce? Kai, yaren nan da daɗin ji!"

"Addu'a ta yi miki," in ji Cóilín.

"Shekarar wutar nawa?"

Bairbre ta nuna ni da haɓa. "Tambayi wancan. Ɗan ƙungiyarku ne."

Matar ta juyo tana jiran in yi magana. Fuskarta mai kirki ce. Gobe za ta kasance a wani tsibirin, jibi a wata ƙasar, kuma ba laifinta ba ne. Baƙo raɓa ne. Na dubi rigarta, na dubi tawa. Iri ɗaya.

Ƙaho na biyu.

"Malam, ko ka shigo ko in tafi. Kyaftin ba ya jiran ko bishop."

Na cire kyamarar daga wuyana, na rataye ta a ƙusar da ke bayan ƙofa, kan tsohuwar hular mijin Bairbre.

"Ina tukunyar?"

Ta sa sanda ta janye tsumman da ke kusa da bokitin. Ga ta nan. Ƙaramar baƙar tukunyar, da murfinta mai tsaga a gefe. An goge ta har tana ƙyalli.

"Biyu na tanada," ta ce. "Ban san wane mutum ne zai shigo ba."

Cóilín ya cire hularsa, ya tuna da sanƙon, ya mayar. "Bari in sauke su in dawo in kai ka."

"Ba a kai ta a mota," in ji Bairbre. "Da ƙafa ta zo, da ƙafa za ta koma. Kuma da hannunka za ka ɗiba, ba nawa ba."

Na ɗauki awartaki. Na zaɓi garwashi mafi ja, na kwantar da shi a toka, na ƙara wani, na rufe.

"Mártan."

"Na'am."

"In ta mutu a hanya, ta mutu. Ba a dawowa ƙari. Kana fita zan zuba ruwan nan."

"Ba za ki jira in isa ba?"

"Na jira isasshe."

Ban kai katangar farko ba na ji ƙarar. Cuuu. Na waiwaya, farin tururi na fita ta saman gidanta. Duk abin da ya rage na wutar da Treasa ta hura ranar da aka kawo ta gidana, yana cikin tukunyar da ke hannuna.

Gidanmu yana can ƙarshen yamma, inda hanya ke ƙarewa teku ya fara. Da ina matashi nakan je in dawo ban sani ba. Yanzu kowane tudu sai ya tambaye ni shekaruna. Iskar ta juya kamar yadda aka ce, tana shigowa ta ramukan katangun duwatsu tana fito. Sai yayyafi. Sai ruwa sosai, a karkace, irin wanda ba ya sauka daga sama, daga gefe yake zuwa.

Ƙaho na ƙarshe. Daga kan tudu na hango jirgin yana juya hanci, ɗigo-ɗigon riguna masu ruwan ɗorawa a samansa. Ban ɗaga musu hannu ba. Hannuwana duka biyu suna da aiki.

Sai na ga gidan. Farin bango, koriyar ƙofa da ta koɗe, da dutsen da Treasa takan zauna tana gyaran kifi tana yi mini gardama a kan littafin da ba ta karanta ba. Na tsaya. Ban san na sassauta yatsuna ba.

Iska ta fizge murfin.

Ya gangara kan hanya yana ƙara. Kafin in kare bakin tukunyar da ƙirjina, ruwa ya shiga. Na durƙusa a gindin katanga, na cire rigar baƙin nan na lulluɓe kaina da tukunyar, karon farko da ta yi wani amfani. A cikin duhun rigar na leƙa.

Toka. Baƙi da fari.

Na hura. Ba komai.

Na sake hurawa, a hankali, yadda takan yi da safe, gashinta a kwance, tana ce mini in daina tsaya mata a kan haske. Can ƙarƙashi wani ɗigo ja ya buɗe ido, bai kai kan allura ba. Ya lumshe. Ya sake buɗewa.

A waccan Talatar da Treasa ta mutu, da safe na ajiye aikina. Ban gaya mata ba. Tun daga cikin bas, a hanyar gida, nake maimaita maganar, ina gyara ta, ina rage ta, har ta dawo jimla biyu. Da su na buɗe ƙofa, na san zan tarar tana feraye dankali. Shekara biyu suna nan a maƙogwarona, ba su fita ba, ba su haɗiyu ba.

Na kai bakina daf da jan ɗigon nan, ruwa na bin bayana, na faɗa da sauran numfashin da ya rage mini.

"Treasa, ajiye wuƙar nan. Ko wutar ta mutu, mu koma gida mu hura wata."